Baƙin ruwa a tankin injin numfashina

Shekarun baya, shida ne ko bakwai ban riƙe ba, na yi wata magana a tsakar gidana wadda har yau in na tuna ta sai in ji bakina ya yi ɗaci. Ni ba mai rubutu ba ne, a aji fuɗu na bar firamare, don haka ku yi haƙuri da yadda za ta fito.

Direba ne ni. Bas nake ja tsakanin Tambuwal da Sakkwato sama da shekara ashirin. Tun ina saurayi nake minshari, irin wanda in muka kwana a tasha abokan aiki ke naɗe tabarmarsu su koma bayan masallaci. Ana dariya, ni ma ina yi. Maiɗakina kaɗai ce ba ta dariya. Ta ce ba ƙarar ke damunta ba, shirun ne. In yi ta ja, in yi ta ja, sai ɗif, numfashi ya ɗauke, ita kuma ta zauna tana jira ko zai dawo. Na ce mata ta bar tsaron numfashina, ba ita ta ba ni shi ba.

Wata rana da hantsi, mota cike da fasinja, a ganina idona biyu, sai na ji salati. Na farka mota tana cikin gonar dawa. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Wata tsohuwa da ke bayana ta dafa min kafaɗa ta ce, "Ɗana, in barci kaka ji, ka sauke mu mu taka." Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Mai mota ya karɓi makullinsa, ya ce in je in nemi magani.

Ƙanina da ke aiki a Sakkwato shi ya kai ni babban asibiti. Aka kwantar da ni da wayoyi a jiki. Likita ya ce maƙogwarona ne ke rufewa in na yi barci, shi ya sa nake kwana a kwance amma in tashi kamar wanda ya yini noma. Ƙanin nawa ya samo min inji, ɗan ƙarami, da tiyo da abin rufe hanci, yana tura iska don kada hanyar ta rufe. Ya haɗa min da batirin sola. A gefen injin akwai ɗan tanki na ruwa, iskar na bi ta kansa ta ɗebi danshi kafin ta shiga hanci.

Ni da taurin kai, ranar farko na ce ba za a zuba min ruwa ba, ni ba kifi ba ne. Kuma da yake damina ce, ban ga illa ba. Na yi barcin da na manta akwai irinsa a duniya, makulli ya dawo hannuna. Sai da rani ya kama sosai na gane kurena. In tashi maƙoshi kamar an shanya fata, hanci ya tsage, haɓo a kan matashi. A cikin barci in fizge abin in yar ban sani ba. Gyangyaɗi ya fara dawowa a kan sitiyari. Na koma wurin likita na tambaye shi gaskiya, ruwan nan dole ne? Ya ce, "Ba kowa ke buƙatarsa ba. Wani shekara da shekaru ba ya sawa, lafiya lau. Amma kai hancinka ya riga ya ba ka amsa." Ya ce tataccen ruwa na kemis ya fi, in babu a sa mai tsabta, a zubar da na jiya kullum, a wanke tankin, kuma kada a ƙara masa komai. Aka fara sawa, haɓo ya tsaya. Maiɗakina ta ɗauki aikin zuba ruwan, ni kuwa ban ƙara leƙa tankin ba. Ni da kullum safiya sai na buɗe lagireton motar wani na duba, nawa na kwana ban taɓa buɗewa ba.

A nan sai na faɗa muku yadda nake da mahaifiyata. Ni ne ɗan fari. A wajenmu can Fakku, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, haka muka taras. Kakata ce ta raine ni. In Inna za ta ambace ni sai ta ce "wancan" ko "mai mota". In na je gaisuwa ta amsa tana kallon wani wuri. Ƙanina kuwa har tsokanarta yake yi tana dariya. Na san al'ada ce. Amma sani daban, zuciya daban. Na girma har na yi furfura da wani abu a raina da ban taɓa faɗa wa kowa ba, cewa wataƙila kunyar ta zo mata daidai ne, don dama ba ni a ranta.

Cikin bazarar nan sai ga ta ta zo Tambuwal, wai gwiwa ke damunta za a yi mata allurai. Ta sauka a gidana. Wata Juma'a bayan an sauko ina kwance da abin a fuska, na ga inuwarta a bakin ƙofa. Ta tsaya kaɗan, ta juya. Ba ta ce komai ba, ni ma ban sa ran za ta ce ba.

Bayan kamar mako biyu sai tari ya kama ni. Iskar injin ta fara wani wari kamar na tsohuwar randa. Ƙirji ya yi nauyi. Na daure har mako na uku, sannan na ɗauki injin gaba ɗaya na kai wa likita, ina cewa ya lalace. Ya zare tankin ya ɗaga shi wajen taga. Gindinsa baƙi, da yauƙi a kusurwoyi, har cikin tiyon.

Ya ce, "Malam, me kake zubawa a nan?"

Na ce ruwan da ya ce.

Ya ce, "A'a. Ana ƙara wani abu. Ka ji da kyau, abin da ciki zai karɓa ba shi huhu zai karɓa ba. Wannan kake shaƙa har gari ya waye." Ya rubuta min magani, ya ce a canza tiyon, kuma in ajiye tuƙi sai tarin ya lafa.

A ajiye tuƙi. Ita ce kalmar da na taho da ita tun daga Sakkwato tana tafasa a kaina. Na shiga gida da la'asar ko sallama ban yi da kyau ba. Maiɗakina na bakin murhu. Inna na zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gyaɗa. Na ɗaga tankin sama na fara.

"Wa ka zuba min wagga ƙazanta? Kashe ni aka son yi cikin gidana?"

Maiɗakina ta miƙe ta ce, "Maigida, mu shiga ciki."

"Ba inda za ni. Ke na ba aikin ga. Ɗan ruwan da za ki zuba shi ag gagare ki?"

"Don Allah ka yi shiru."

Shirun da take roƙo shi ya ƙara tunzura ni. Na ce, "Duk wanda yaz zuba wanga ba ya ƙaunata. Allah ya isa tsakanina da shi."

Maiɗakina ta dafe baki da hannu biyu. Ta ce, "Ka janye. Don girman Allah ka janye." Na ce ban janyewa. Abin da na tuna shi ne ƙarar ɓarar gyaɗa ta tsaya. Inna ta tattara ɓawon a faifai, a hankali, ta miƙe ta shiga ɗaki. Na ɗauka faɗan miji da mata ne ba ta son ji.

Da safe na dawo daga masallaci na taras Inna ta ɗaure kayanta. Ta ce wa maiɗakina, ba ni ba, an bar awaki ba mai kula. Allurarta ba ta ƙare ba. Ta hau babur zuwa Kebbe, hanyar Fakku.

Sai da ƙarar babur ɗin ta ɓace maiɗakina ta shiga ɗakin da Inna ta kwana, ta fito da wata 'yar jarka ta ajiye a gabana. Baƙin ruwa ne a ciki, saura kaɗan.

Ta ce, "Ga ƙazantar taka. Rubutun sha na."



Ta ce tun ranar da labarin gonar dawa ya kai Fakku Inna ba ta huta ba. Ita ta sa malaminsu ya yi min rubutu, ta ɗauko shi a ƙasan kayanta. Gwiwar gaskiya tana ciwo, amma ba ita ta kawo ta ba. Da farko ta so a riƙa zuba min a fura ba tare da na sani ba. Sai ranar Juma'ar nan ta tambayi maiɗakina, "Wanga ruwa na mi na?" Aka yi mata bayani cewa iska na bi ta kansa ta shiga ƙirjina. Sai ta ce, "To ciwon ga numfashi shike. A sa inda numfashin ka bi." Kullum bayan magariba, ina masallaci, ita da hannunta take tsiyayawa. Tawada ce ta gawayi da ƙaro, ta kwana cikin ɗumi, dole ta yi abin da ta yi.

Na ce, "Ke kuma kika yi shiru?"

Ta ce, "Ta ce in na faɗa maka ba ta yafe ba. Ina wankewa iyakar iyawata, ta dawo ta ƙara. In hana ta? Ko in tona ta gabanka? Kai ka san abin da yas sa ba ta iya miƙa maka da hannunta."

Na sani. Na zauna a bakin rijiya na daɗe. Na kira ayoyin Allah ƙazanta, na kuma yi wa uwata Allah ya isa tana zaune tana ji. Mutum ya yi wannan, ina zai sa kansa? Tuƙi da makulli duk suka fita daga raina.

Ranar na hau babur da tarina da 'yar jarkar. Wanda ya san hanyar Fakku ya san ba a yin ta da ƙirji mai ciwo. Na same ta a bayan ɗaki tana ba awaki dusa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon awaki.

Na ce, "Inna, gafara niz zo nema."

Ta ce, "Mi aka yi?"

Na ce, "Maganar da niy yi jiya."

Ta ci gaba da zuba dusa. Can ta ce, "Wanda yay yi maganar bai san da wa shikai ba. Allah ko ya sani."

 Sai na ɗauki ƙoƙon da ke kan randa, na tsiyaye sauran rubutun a ciki. Na ce, "Likita ya ce injin ba shi son komai sai farin ruwa. Amma ni ina so."

Ta ce wa akuyar da ke gabanta, "Inji ya fi mutum tsirfa." Sannan a hankali, "A ce bisimilla."

Na ce bisimilla na shanye. Ya yi tsami, ban bar ko ɗigo ba. Da na tashi tafiya har na kai bakin zaure, sai na ji muryarta daga baya. "An yafe. Shi kuma wancan abu a riƙa sa mishi ruwanai, kada hancin shi koma zubda jini. Allah shi tsare hanya." Haɓon tun kafin ta zo ya tsaya. Ban san wa ya faɗa mata ba. Ashe duk abin da ya same ni tana da labari.

Tari ya warke, na koma kan mota. Yanzu a tasha akwai mutum biyu masu irin injina, kuma sukan tambaye ni ko ruwan dole ne. Abin da nake ce musu shi ne abin da na gani a jikina. Da damina nakan rage, wani lokaci in bari, don in ya yi yawa har taruwa yake a tiyo ya ɗigo min a fuska. Da rani ba na wasa da shi. Ka saurari hancinka, ka tambayi likitanka. Amma in za ka sa, farin ruwa mai tsabta kawai. Ba turare, ba man shafawa, ba magani, ba rubutu. Abin sha a sha shi. Kuma ka buɗe tankinka da kanka ka duba, kafin ka buɗe bakinka.

Inna ta rasu shekara biyu bayan wannan. Allah ya jiƙanta, wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. Jarkar tana nan rataye a ƙusa a ɗakina, ba komai a ciki. Yanzu ni nake zuba ruwan da hannuna bayan magariba, lokacin da take zubawa. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba. Amma mako uku na kwana ina shaƙar abin da ta kasa faɗa min, ni kuma na tsaya a gabanta na kira shi ƙazanta.