Ƙofofin Kemis ɗin Yaya Binta

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Hajiya Binta, kuma ban taɓa jin rashinta a harkar shago kamar yadda na ji a wannan watan ba. Shawara ce ta taso a kan tsaron kemis ɗin da ta bari a Gyaɗi-Gyaɗi, na rasa wanda zan tambaya.

Yaya nas ce. Ta ajiye aikin gwamnati a shekarar da sojoji suka koma bariki, ta buɗe kemis ɗin, ni kuma ta ɗauko ni na riƙa taya ta. A lokacin kowa na cewa ƙasa ta gyaru, ita dai sai da ta sa aka yi wa shagon ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu. Durowar magunguna masu ƙarfi makullinta daban, yana ɗaure a bakin zanenta. Ƙararrawar hayaƙi da batirinta. Firjin allurai ma ta sa masa wani ɗan abu mai ƙara idan sanyi ya ragu. Babu abin da ya dogara da ɗan uwansa. Nakan tsokane ta cewa banki ma bai kai mu makullai ba, sai ta yi dariya ta ci gaba da aikinta.

Wata Juma'a muna masallaci, ita kuma ta je gida, wasu samari suka ɓalle ƙofar baya. Maganin tari suke nema, irin wanda ake sha don maye. Sun shiga, sun watsa kaya, amma durowar ta gagare su, suka fita da sabulu da man shafawa. Da muka dawo ta daɗe tana kallon ɓarnar. Ba ta yi maganar asara ba, abin da ta ce kawai shi ne, “Alhamdu lillahi, ba ta hannuna ɗan wani zai lalace ba.”

Sai dai tsarin nata ya taɓa ba ta kunya, kuma ba ta ɓoye ba. Wata Babbar Sallah muka rufe shago kwana biyu, firji ya lalace. Abin ƙarar ya yi ta kuka a ɗakin da babu kowa har batirinsa ya mutu. Ranar da muka buɗe, Malam Yohanna, wani tsohon malamin makaranta ɗan Filato da ke zaune a Babban Giji, ya zo karɓar allurarsa ta ciwon suga. A wurinmu yake ajiye ta, don gidansu ba wuta. Yaya ta taɓa kwalbar ta ji ta da ɗumi. Ta ce, “Malam, ba zan ba ka wannan ba.” Da kanta ta tari mota, ta zaga gari ranar da yawancin shaguna ke rufe, sai bayan la'asar ta samo wata. Kafin nan jikin tsohon ya fara rikicewa, ya kwana uku a asibiti. Ya warke, bai ma riƙe ta a zuci ba, amma ita ta riƙe. Daga nan har ta bar duniya ba a sake yin hutun da ba ta leƙa firjin nan safe da yamma ba, ko a lokacin da ƙafa ta fara gagararta.

Yanzu ni da ɗanta Kabiru muke tafiyar da wurin. Shi ya kawo maganar wani kamfani da ke haɗa komai wuri ɗaya: kyamara, ƙararrawa, firji, har ƙofofi, duk a cikin waya. Ya ce, “Kawu, kana kwance a gidanka a Darmanawa za ka ga shago. Firji ya yi ɗumi, saƙo zai shigo. Ka manta makulli, da waya za ka buɗe.” Maganar ƙarshen ce ta hana ni sakewa. Idan waya na buɗe komai, duk wanda ya samu wayar ya samu shagon. Idan kuma na'urar ta tsaya, duk sun tsaya tare.

Na yi ta tunanin me Yaya za ta ce. Da sauƙi in ce za ta ƙi, amma da na yi mata ƙarya. Matar da ta yi shekaru tana jan ƙafa zuwa duba firji ba za ta raina abin da zai kira ta daga gida ba. Haka kuma ba na jin akwai mai iya shawo kanta ta sa makullin durowar nan a cikin waya. Ina ganin za ta yarda a haɗa duk abin da ke gani da abin da ke sanarwa, ta bar abin da ke buɗewa a rarrabe. Na faɗa wa Kabiru haka, ya tashi ya koma kan aikinsa, na ɗauka ransa ne ya ɓaci.

Ranar da mai haɗa kayan ya zo, na zauna gefe na bar su. Mutumin na cikin bayani Kabiru ya ɗaga masa hannu. “Tsaya tukuna. Idan sabis ya ɗauke, ƙararrawar hayaƙi za ta yi ƙara da kanta? Idan aka sace wayata, wa ke rufe ta? Idan na'urarku ta mutu, wa zai gaya min ta mutu?” Ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa, ba sauri, bai yarda an tsallake ko guda ba. A ƙarshe ya ce ƙofofi da durowa a bar su yadda suke, sauran a haɗa.

Mai haɗa kayan ya juyo ya ce da ni, “Alhaji, ɗan nan naka akwai bin diddigi.” Na ce masa ba a wurina ya koya ba, sannan na tashi na fita waje don kada su ga idona.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya sa kin huta.