Ranar da Haladu Ya Daina Gatse

A unguwar Sih, cikin Madina, in ka ce kana neman Haladu direba, za a tambaye ka, "Wanda ba ya dariya?" To, shi ɗin ne. Abin mamakin shi ne, a duk layin babu wanda ya kai shi sa mutane dariya. Sai ya jefa magana fuska a murtuke kamar mai zaman makoki, ya ci gaba da kurɓar shayinsa na na'ana'a. Sai can majalisa ta fashe, shi kuwa ko gezau.

A Madina aka haife shi. Iyayensa daga ƙasar Kano suka taso, suka sauke farali, suka zo ziyara, ba su koma ba. Haladu bai taɓa ganin Kano ba, amma gatsen Kanawa a nono ya sha shi. Da ya isa aure ya auri Zaituna, 'yar kawunsa, abokiyar wasansa tun suna yara, wadda bakinta ya fi nasa kaifi. In ta ajiye masa tuwo sai ya ce, "Yau ma azabar ce?" Ita kuma ta ce, "Ci a hankali, guba ba ta son gaggawa." Baƙo in ya ji sai ya ɗauka gobe za a raba auren. A haka suka haifi ɗansu Sa'id, a haka suka tsufa.

Yana da ƙuruciya ya samu aikin tuƙi a wani kamfanin gina hanya can wajen Yanbu, inda ya tuƙa Turawa biyu, ɗaya bayan ɗaya. Na farkon Baturen Ingila ne, dogo, siriri, mai gashin baki, ma'aikata suna ce masa Mai Lofe. Wata rana da tsakar rana mota ta mace musu kusa da Badar, rana kamar ta narka kwalta, babu inuwa ko ta tsuntsu. Baturen ya fito, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce da gurgun Larabcinsa, "Haladu, da alama yau za a ɗan yi ɗumi." Haladu ya ce, "Gaskiya ne, da na sani da na ɗauko bargo." Babu wanda ya yi ko murmushi a cikinsu, amma daga ranar jininsu ya haɗu. Ranar da Baturen zai koma ƙasarsu, bankwanansa kawai shi ne, "Na yi mamaki da na fita daga motarka da rai." Haladu ya ce, "Ni ma na yi iya ƙoƙarina, kwananka ne bai ƙare ba."

Na biyun Ba'amurke ne, ƙato, mai murya kamar ganga. Shi in zai ba da labarin ban dariya, tun bai kai rabi ba ya fara ƙyaƙyatawa, ya dafa kafaɗarka, ya kwaikwayi muryar kowa, in ya tsokane ka kuma nan take ya ce wasa yake. Mutumin kirki ne, ba a raba shi da kyauta, Haladu bai taɓa faɗin aibinsa ba. Sai dai yakan ce, "Na Ingila yakan miƙo maka tsire ne ka tauna da kanka. Ba'amurke kuwa sai ya tauna maka, ya tambaye ka ko ya yi daɗi." Shekara da shekaru yana ba da wannan labari a majalisa, Zaituna tana cewa daga cikin gida, "Kai dai ka samu ɗan'uwanka marar fara'a."

Da Zaituna ta rasu aka kai ta maƙabartar Baƙi'a, gidan ya yi masa faɗi. Yakan faɗi magana da safe ya jira a rama, sai dai ya ji ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. 'Yan majalisa ma sun ragu, wasu ƙasa ta rufe musu ido, wasu 'ya'ya sun kwashe su zuwa sababbin unguwanni. Sai ya mayar da ransa kacokan kan mutum guda, jikarsa Sundus, 'yar Sa'id, wadda ake kawo masa duk Juma'a bayan an sauko daga Harami.

Mai karatu ya sani, a wurinmu ɗa ake jin kunya, jika kuwa abokin wasa ne. Kaka ya ce wa jikarsa mummuna, ita ta ce masa tsoho mai ran ƙarfe, kowa ya san so ne tsagwaronsa. Abin da Haladu yake jira ke nan. Ba ya neman a wanke masa kaya ko a kai shi asibiti. Burinsa kawai yarinyar nan ta buɗe baki ta rama, ko sau ɗaya ne.

Amma Sundus a unguwar Khalidiyya ta tashi, a gidan da Larabci ya cinye Hausa. Tana jin Hausa sarai, da Larabci take amsawa. In ta shigo ya ce, "Wa ya bar ƙofa a buɗe wannan mummunar ta shigo?" sai ta dubi fuskarsa tana neman alamar wasa, ba ta gani ba, ta koma bayan babanta. Ya ɗauka kunya ce ta yarinta, za ta wuce. Bai san tara abin take yi a ranta ba.

Wata Juma'a ta zo da basbusa, wani kek mai zaƙi na Larabawa, ta farko da ta taɓa yi da hannunta, ta ajiye a gabansa tana jira. Haladu ya ci yanka guda, ya ƙara, daɗi ya kama shi har ya ji ƙwalla na neman zuwa, don ya tuna da wadda ta saba ajiye masa kwano. Sai ya yi abin da ya iya. Ya juya ya ce, "Sa'id, ajiye sauran, katangar bayan gida na neman bulo." Yarinyar ta tsaya cak, sannan ta fashe da kuka ta ruga mota.

Juma'a ta zo ta wuce, wata ta biyo, babu Sundus. Haladu ya yi ta zama kusa da ƙofa da kwanon dabino. Daga baya Sa'id ya zo shi kaɗai, ya zauna yana murza hannu, ya kira shi yadda ya saba, Abuya, wato babana.

"Ya Abuya, wallahi na yi mata bayani. Na ce adat ɗinmu ce, mizah ne, wasa ne na kaka da jika. Sai ta ce, in wasa ne, lesh, don me ba ya dariya?"

"Wasan da aka yi wa dariya tun a bakin mai shi, me ya rage a cikinsa?"

"Na sani, Abuya. Amma zamaninsu daban. Uwarta ma ta ce aib ne. Yarinyar ta yarda ba ka son ta."

Wannan kalma ta soke shi fiye da yadda Sa'id ya zata. Ya ce a kawo ta, zai gyara.

Ya kuwa gwada. Da ta dawo ya zauna kusa da ita tana kallon wani wasan Amurkawa a wayarta, irin wanda da an yi magana sai dariya ta ɓarke daga inda ba a gani. Ya tambaya su wa ke dariyar, ta ce ba kowa, haɗa ta aka yi don a san wurin dariya. Ya yi ta nazarin maganar. Can ya ce mata sarkin ci, ya bi maganar da dariya irin ta tsohon maigidansa Ba'amurke, har da dafa kafaɗa. Dariyar da ba a saba da ita ba ta fito kamar tari, ta sarƙe shi. Sundus ta zabura ta kawo ruwa tana kiran babanta, ta ɗauka ciwo ne ya tashi. Ban san abin da ya fi wannan ban tausayi ba, tsoho yana koyon dariya don jikarsa.

Daga nan ya ajiye gatse gaba ɗaya. In ta zo sai ya ce, "Marhaba da Sundus, ya karatu? Allah ya yi albarka." In ta kawo basbusa ya ce ta yi daɗi, gaskiyar ke nan kuwa, amma a bakinsa kamar yana karanta takardar wani. Maganganu na zuwa masa har kan harshe, masu kyau, waɗanda da Zaituna ta ji da ta yi kwana uku tana neman ramuwa, sai ya haɗiye su da shayi. Yarinyar ta sake, ta daina ɓuya, tana sumbatar goshinsa, tana zuba masa ruwa da ladabi. Sa'id ya ji daɗi, matarsa ta ji daɗi, kowa ya ce an samu zaman lafiya.

Wata Juma'a da la'asar, za su tafi, Sundus ta tsuguna a soro tana ɗaura takalmi. Ba ta san kakanta, wanda take ce wa Sidi, yana tsaye a bayanta ba, ta ce wa babanta da Larabci, cike da murna, "Baba, Sidi ya canza. Yanzu yana sona."

Haladu ya ji. Ya dafa bango, ya dubi ƙeyarta, irin ta kakarta sak, amsa ta taso masa har bakinsa ya motsa. Sai ya ce, "Mun gode da ziyara. Ku gaida gida." Ya raka su har bakin mota, kamar yadda ake raka baƙi.