Ranar da Murjanatu Ta Ajiye Muciya

A Wara aka haifi Murjanatu, a gidan masunta. Tun tana ƙarama innarta ta koya mata gyaran tarwaɗa da banda. Aure ya kawo ta Yelwa, bayan rasuwar mijin kuma ta samu aikin girki a wani masaukin baƙi mai ɗaki goma kusa da kasuwa.

Girki aka ɗauke ta yi, amma cikin shekara tara sai ga shara da wankin zannuwan gado sun zama nata. In famfo ya ƙafe, ita ce mai kai bokiti ƙofar kowane ɗaki. Ba ta da ranar hutu.

Manajan wurin, Jalaluddeen, ƙanen matar mai masaukin ne. Kowace safiya sai ya tara ma'aikata, su uku kacal, ya yi musu jawabi da Turanci har miya ta kama a tukunya. Fankar kicin ma ya ɗauke ya kai ofishinsa.

Da 'yarta Rahamatu ta haihu a Wara, Murjanatu ta roƙi kwana biyu don suna.

"Inna Murja, ranar nan 'yan biki za su sauka," in ji shi. "Ba zai yiwu ba."

"To wa za ya riƙa wa Rahamatu?"

"Ki yi mata waya. Girkin ma mi ne ne a ciki? Don dai ba ni da lokaci ne."

Ranar suna ta wanke tukwane, ta jingine muciya, ta hau mota.

Ana cikin rabon waina wayarta ta yi ƙara. Jalaluddeen ne.

"Inna, shinkafar mutum arba'in, ruwa nawa ake zubawa?"

Ta buɗe muryar wayar, matan gidan suka matso. Wata ta ce bokiti ɗaya, wata ta ce uku. Wata tsohuwa ta tambaya ko ya wanke kifin miya da toka. Jalaluddeen ya bi shawarar kowa. Sau bakwai yana kira, a na ƙarshe tari kawai ake ji saboda hayaƙi. 'Yan bikin dai a kasuwa suka ci abinci.

Ta cika kwana biyunta ta dawo, ta tarar da shi a ƙofa da yatsa a naɗe.

"Sannu da hanya, Inna. Yaya mai jego?"

Nan ta faɗi buƙatunta: hutun Juma'a, da mai taya ta wanki. Ya amince kafin ta rufe baki, aka ɗauko wata mai suna Goodness daga Shanga.

Yanzu duk Juma'a Murjanatu na gida, ƙafa a miƙe, maƙwabta na kawo mata tarwaɗa ta gyara musu suna hira. Ta ce wannan ba aiki ba ne, tunda a zaune take yi.