Baturiyar da Ta Raba Ni da Ladanci

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, abin da ɗan ƙanwata ya yi mini da shafin intanet ba zai fita raina ba. Har yau idan na ji an kira sallar azahar a masallacin 'yan kifi na kasuwarmu, sai abin ya dawo mini sabo.

Ni bandar kifi nake saidawa a Illo, tarwaɗa da giwan ruwa, kuma yawancin masu saye daga tsallake suke zuwa, ɓangaren Benin. Ban yi boko mai nisa ba. Abin da nake taƙama da shi a lokacin ɗaya ne: ni ne ladanin masallacin kasuwa tun ina da baƙin gemu.

Yaron nan ya gama karatu a Birnin Kebbi, ya ce shi ba zai yi wa kowa aikin ofis ba, zaman kansa zai yi, yana haɗa wa mutane shafi. Ya ce idan ya yi mini, har mutanen Kwatano za su ga kifina a waya. Na yarda. Na ce ya zo rumfa ya ga kayan da idonsa, ya ɗauki hoto. Ya ce ba sai ya zo ba, wai ayyuka sun yi masa yawa, yana da hotuna masu kyau a kwamfuta. Daga Birnin Kebbi ya yi komai. Bai nuna mini ba, sai saƙo kawai ya aiko wai an gama, ya kuma watsa wa duk lambar da na ba shi.

Ranar kasuwa ina shirin kiran azahar, liman ya ja ni gefe. Dattijo ne mai kunya, bai iya ko kallona ba. Ya miƙo mini wayar wani, ya ce, "Malam, wanga abu naka ne?"

Na duba. Wata Baturiya ce a bakin teku, tufafin jikinta ba su kai hular kaina ba, tana riƙe da farantin wani jan kifi da ban taɓa gani a kogin Kwara ba. Ga kwalbar giya a gefenta. A ƙarƙashi kuma sunana ne da manyan baƙaƙe, da lambar wayata, da Illo. A jihar da ake shari'a, inda ko kwalbar banza aka gani bayan shagonka sai ka yi bayani.

Na rantse ban san da ita ba. Liman ya ce ya yarda da ni, amma jama'a sun riga sun gani, in ɗan dakata da kiran salla har a cire hoton. Wani ya karɓi lasifika ina tsaye. 'Yan kwale-kwale kuwa suka samu abin yi. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Ladan, ina amarya? Ta saba da zafin Illo?"

Na kira yaron, bai ɗauka ba. Na sake kira, waya a kashe. Na kai wa wani mai gyaran waya a Bagudo, ya duba ya ce ba abin da zai iya, da sunan yaron aka buɗe shafin, shi kaɗai ke da lambar sirrin shiga. Sunana a kai, mabuɗin a aljihun wani. Ashe yaron ya karɓi aikin mutane da yawa a lokaci ɗaya, duk suna nemansa, shi ya sa ya kashe wayar.

Sai da sallar layya ya zo gida. Na tare shi a zauren uwarsa. Ko a jikinsa. Ya ce, "Kawu, ai samfuri ne, haka ya zo da hotonsa, na manta ban canza ba. Minti biyu ne." Ya ciro waya, ina kallo, ya goge ta. Minti biyun nan ne ya hana ni wata da watanni. Kuma wai a bakin nan nasa ya roƙe ni in yi masa talla wurin sauran 'yan kifi.

Hoto ya tafi, amma ladanci bai dawo ba. Wanda aka ba riƙo ya zauna, ni kuma ba zan je in yi rigima a kan lasifikar masallaci ba. Yanzu a sahu na biyu nake salla.

Abin da na koya, kuma nake gaya wa duk mai irin sana'ar yaron nan: ka taka ka je ka ga mutumin da za ka yi wa aiki da inda yake zaune. Kada ka saki abu da sunansa sai ya gani ya ce to. Ka ba shi mabuɗin kayansa, kuma idan ya kira, ka ɗauka. Kai a wurinka aiki ɗaya ne cikin goma. Shi kuwa sunan nan da ka rubuta a ƙarƙashin hoton, shi kaɗai gare shi.