Kofin Ruwan da Mama Dinah Ta Miƙa wa Baƙo

Ka taɓa ƙirga takun da ke tsakanin ƙofar gidanka da ruwan da kake sha? Ni na ƙirga namu: dubu biyu da ɗari uku da arba'in, daga unguwarmu a Kusasu zuwa rafin bakin daji. Wata goma sha huɗu matanmu suka yi suna wannan tafiya bayan injin rijiyar burtsatse ya ƙone, kuma ba sa zuwa sai sun kai goma, saboda mutanen daji.

Mama Dinah ungozoma ce. Daga kudancin Kaduna aure ya kawo ta, shekara arba'in da ɗaya ke nan. Na zauna da ita mun lissafa yaran da ta yanke wa cibi, Kirista da Musulmi, muka tsaya a ɗari biyu da shida. Sau uku ta jefa wa jam'iyya mai mulki ƙuri'a, ba ta ɓoyewa.

Sai labari ya zo cewa babban baƙo zai zo daga Kaduna duba ayyuka. Idrisu, shugaban jam'iyya a unguwa, ya tara mata ya ce a ɗebo ruwan rafi a cika tanki, don in baƙo ya murɗa famfo ruwa ya zubo.

"Kaina ba zai ɗauki ruwan ƙarya ba," in ji Mama.

"Haba Mama, gwamnatinmu ce fa! Mai kishin ƙasa ba ya tona asirin gida gaban baƙo. Ko kin koma adawa ne?"

"Idrisu, ni na yanke maka cibi. Ranar da ka fito kana ihu, adawa kake yi da uwarka, ko yunwa kake ji?"

Mata suka tuntsire da dariya. Washegari Mamuda, jagoran 'yan adawa, ya zo da kwali an rubuta zagin gwamnati, wai ta ɗaga ranar zuwan baƙo. Ta karɓa ta fifita wuta da shi. "Ɗana, famfo nake so, ba kujerarka ba." Kafin mako ya ƙare ɓangare ɗaya na ce mata maciyiya amana, ɗayan na ce mata matsoraciya.

An dai cika tankin. Jarka arba'in da bakwai, a gabana.

Abin da Idrisu ya manta shi ne, a unguwarmu dattijuwa ce take ba baƙo ruwa kafin kowa ya buɗe baki, kuma babu wadda ta girmi Mama. Ya tanadi ruwan roba katan biyu, ta wuce su ko kallo ba ta yi ba. Baƙo na murɗa famfo, ana tafi, ta tara farin kofi ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, sannu da hanya. Ga ruwan gida."

Ruwan ja ne kamar shayi. Baƙon ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya tambaya tun yaushe burtsatse ke ba da irin wannan. Mama ta gaya masa komai cikin minti huɗu, ba ta zagi kowa ba, ba ta kira sunan kowa ba. Ta ce ita ta zaɓe su, shi ya sa take da bakin faɗa musu. Ya kurɓa sau ɗaya, ya ɓata fuska, ya sa aka rubuta.

Kwana goma sha tara bayan haka masu gyara suka iso. Idrisu ya ce aikin jam'iyyarsa ne, Mamuda ya ce matsin adawa ne, har yau suna musun a teburin mai shayi. Idrisu ya yi wata uku ba ya gaishe ta. Da matarsa ta fara naƙuda, da kansa ya je ya ɗauko ta a babur.

Kai ma ka gwada. Ran da babban mutum ya zo garinku, kada ka yi ihu, kada ka ɓoye. Ka zuba masa irin ruwan da 'ya'yanka suke sha, ka tsaya a gabansa har ya kai baki.