Mai Wasiƙa, Akwai Tawa?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Earline Pettway a cocinmu ya san ba ta sauraron wa'azi da ido biyu. Ɗaya yana kan fasto, ɗayan yana kan mijinta Roscoe, hannunta kuma na riƙe da gefen kwat ɗinsa. Mata sukan tsokane ta bayan an tashi: "Haba Mis Earline, saki bawan Allah ya sha iska mana. Wa zai ƙwace miki wannan tsohon?" Takan yi musu murmushi, amma ba ta saki.

Roscoe ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin gidan waya, yana raba wasiƙu da ƙafa a tsofaffin unguwannin yammacin Atlanta, inda akwatin wasiƙa ke manne a jikin ƙofa, dole sai ka hau matakala ka isa gare shi. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, baƙi wuluk, muryarsa kamar ta fito daga cikin randa. A wannan yawon ya samo Earline. Lokacin tana aikin girki a wata makarantar firamare, tana zaune gidan gwaggonta, kuma babu mahalukin da ke rubuto mata ko layi ɗaya. Duk da haka kullum sai ta fito baranda ta ce, "Mai wasiƙa, akwai tawa?" Shi kuma ya taɓa hularsa ya ce, "Yau dai babu, 'yammata, amma gobe zan dawo." Haka ya yi ta dawowa har gwaggo ta gaji ta ce ko ya shigo ko ya sake hanya.

Mutum ne mai son aikinsa har ya gundure ka da labarinsa. Yakan ce akwati shi ke faɗa maka lafiyar gida: in ka ga ya cika ba a kwashe ba, to ka buga ƙofa, domin wataƙila wani na kwance a ciki ya kasa tashi. Earline ta ji wannan har ta daina jinsa.

Da ciwon mantuwa ya kama shi, sai ya fara kwashe masa abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Sunayen jikoki suka tafi, hanyar banɗaki ta tafi, daga baya har sunansa in an kira ba kullum yake juyowa ba. Ƙafafunsa ne kaɗai ba su manta komai ba. Da ta ɗauke ido, sai ya sa tsohuwar hularsa ya fice, ya bi gida gida yana hawa matakala yana taɓa ƙofofin mutane. Da farko abin bai zama tashin hankali ba, domin kowa a layin ya san shi. Sai a zaunar da shi, a ba shi shayi mai ƙanƙara, a buga mata waya. Amma tsofaffin maƙwabta suka yi ta raguwa, wasu ƙasa ta rufe su, wasu suka sayar, baƙin fuska suka cika layin. Wata rana da hantsi ta same shi zaune a bakin titi, hannuwansa ɗaure ta baya, hularsa a ƙasa, wani ɗan sanda tsaye a kansa hannu a ƙugu. Roscoe yana ta yi wa yaron murmushi. An kwance shi, har an ba ta haƙuri, amma tun daga ranar tsoro ya shiga Earline bai sake fita ba. Ta sha ji a labarai yadda ake harbe mutum don kawai ya buga ƙofar da ba ta gidansu ba.

Da ta ce za su tashi, sai kowa a coci ya zama dillali, kowa na tallar unguwarsa a kewayen Atlanta. Mutanen South Fulton suka ce can ne manya suke, likitoci da lauyoyi, ko ciyawarsu da digiri take fitowa. Na Lithonia suka ce su ke da fili da itatuwa, ba irin gidajen da in maƙwabcinka ya yi atishawa sai ka ce masa sannu ba. Na kudancin Decatur suka ce nasu gidan bulo ne na gaske, ba kwali da fenti ba. Aka yi ta kai ruwa rana kan haraji da makarantu da kantuna, kowa kuma ya rufe da magana ɗaya: "Ai can duk namu ne baƙar fata, Mis Earline, babu mai yi muku kallon banza." Ita dai tana gyaɗa kai. Abin da take nema babu wanda ya ambata.

'Yarsu Renita, wadda ke aiki a banki, ita ta riƙa yawo da ita ranakun Asabar. Ta fara da unguwarta a South Fulton, mai ƙofar ƙarfe da ke buɗe kanta. Renita na cikin nuna mata gidaje, Earline ta ce a tsaya. Ta fita da jakarta, ta hau matakalar wani gida da ba ta sani ba, ta danna ƙararrawa. Ba a buɗe ba. Wata murya ce ta fito daga jikin ƙararrawar ta ce, "Me ake nema?" Ta ce ɓatan hanya ta yi. Muryar ta ce ta duba wayarta.

Kafin ta gama ɗaura bel a mota, wayar Renita ta yi ƙara. Renita ta duba ta fashe da dariya, ta juyo mata da ita. Hoton Earline ne da kyamarar ƙararrawar ta ɗauka, an sa a zauren hirar 'yan unguwa na waya, an rubuta a ƙasa: wa ya san wannan matar da ke bin gidaje?

"Mama, kin zama tauraruwa."

"Ni ke nan, da hular coci da jaka. To ina ga ubanki?"

"Haba Mama, matar nan na san ta, tare muke motsa jiki. Baƙa ce kamar ni da ke."

"Na ji muryarta, na san tamu ce. Namu ma suna jin tsoro, Renita, kuma su ma suna da bindiga."

Renita ba ta ƙara dariya ba har suka fita daga unguwar.

Kudancin Decatur ya kwanta wa Earline a rai. Tsofaffi na zaune a baranda, ƙofar farko da ta buga sai da aka tilasta mata ɗanɗana burodin masara. Amma a layin da suka samu gida, akwatunan wasiƙa duk a jikin ƙofa suke, irin na tsohuwar unguwarsu. Ta tsaya tana kallon matakalu jere har ƙarshen layi, a ranta ta ga Roscoe yana hawa kowacce. Ko ciki ba ta shiga ba.

A Lithonia ta ga abin da take nema. Wani tsohon layi ne da ba ya ɓullewa, gidajen sun ja baya can cikin ciyawa, akwatin kowa kuma na tsaye kan sanda a bakin titi. Nan take ta yi lissafinta: in akwati na bakin titi, babu abin da zai kai Roscoe ƙofar kowa. Renita ta yi mita, ta ce rufin ya tsufa, kanti da nisa, asibiti ya fi nisa.

"Mama, mutane na sayen gida don kicin da makaranta, ke za ki saya don akwati?"

"Don akwati zan saya."

Da suka tare, ta toya kek ta riƙo hannun Roscoe suka bi layin gida gida. A kowace ƙofa magana ɗaya take yi: "Wannan mijina ne, Roscoe. Ku dube shi da kyau. In kun gan shi yana taɓa akwatinku, ba ɓarawo ba ne, aiki yake." Kowa ya buɗe sai gida ɗaya, na ƙurya. Maƙwabta suka ce na Mista Gaither ne, wani tsoho da ke zaune shi kaɗai. Ɓarayi sun taɓa fasa masa gida yana ciki, suka yi masa dukan kawo wuƙa, tun lokacin ko fasto ba ya buɗe wa. Earline ta buga har hannunta ya gaji, ta ajiye kek ɗin a matakala. Washegari ta hango tururuwa sun rufe shi.

Dabarar ta yi aiki, har ta fara yabon kanta. Roscoe kan bi bakin titi, ya buɗe akwati, ya leƙa, ya rufe, ya wuce gaba, maƙwabta na ɗaga masa hannu. Ta rataya ƙaramar ƙararrawa a ƙofarsu don ta ji fitarsa ta bi bayansa. Har ta fara iya rufe ido biyu in ana addu'a. Gidan ƙurya ne kawai ke tsaye mata a rai.

Ranar da abin ya faru, da azahar ne, tana wanke ganye a kicin, famfo na zuba da ƙarfi. Ba ta ji ƙararrawar ba. Shirun gidan ne ya ankarar da ita. Ta leƙa falo, kujera babu kowa, ƙusar da ake rataye hula ma babu komai. Ta fita da silifas, hannu jiƙe, ta duba bakin titi dama da hagu, babu shi. Sai idonta ya kai akwatin Mista Gaither. Bakinsa a buɗe, takardu sun cika shi har suna zubowa ƙasa. A nan maganar Roscoe kan cikakken akwati, wadda ta daina ji shekara da shekaru, ta dawo mata, ta gane abin da ta manta a lissafinta.

Roscoe na kan matakalar gidan ƙurya, yana dukan ƙofa da wannan ƙaton hannun nasa.

"Masu gida, lafiya kuwa? Akwai wanda ya faɗi a ciki?"

Ƙofar ta ɗan buɗe iya tsawon sarƙa. Earline ba ta ga fuska ba, rabin kafaɗa ta gani, da hannu ɗaya da ya ƙi fitowa daga bayan ƙofa. Muryar da ta fito tana rawa.

"Sauka daga ƙofata. Ba zan sake faɗa ba."

Roscoe ya ce, "Gidan waya ne, yallaɓai, bari in nuna maka," ya tura hannu cikin kwat, inda a da yake ajiye katin aikinsa.

Earline ta san in ta ruga, Mista Gaither zai ga mutum biyu sun yo kansa. In ta ƙwala ihu, wani cikinsu zai firgita, kuma ba ta san wanne ba. In ta kira sunan Roscoe, ba lallai ya juyo ba. Ta tsaya a bakin titi ta dafa akwatin, ta laluɓo wata murya da ta bari a barandar gwaggonta.

"Mai wasiƙa, akwai tawa?"

Hannun ya tsaya a cikin kwat. A hankali Roscoe ya juyo, ya zaro shi babu komai, ya kai shi ga hularsa. Ya sauko matakala ɗaya bayan ɗaya yana gyara tafiya, fuskarsa ta washe. Ta bayansa Earline ta ji an ajiye wani abu mai nauyi a kan katako, ta ji Mista Gaither na jan numfashi kamar mai kuka, sannan aka tura ƙofa aka murɗa makulli.

Roscoe ya iso gabanta ya dube ta sama da ƙasa. Bai san matarsa ba ce, amma a fili take ta burge shi.

"Yau dai babu, 'yammata," in ji shi, "amma gobe zan dawo."

Ta kama gefen kwat ɗinsa, ta waiwayi rufaffiyar ƙofar. Ta san zai dawo ɗin. Tun da ta san shi bai taɓa saɓa wannan alkawarin ba.