Dona Marlene, Mai Tsintar Abin da Aka Yar

Ina cikin jirgin ƙasa, an kusa shiga Baltimore, sai Luciana, 'yar Dona Marlene, ta kira ni. "Hadiza, Mama ta rasu da safen nan." Na riƙe wayar har jirgi ya tsaya.

Shekara shida na yi ina jinyar Dona Marlene a garin Laurel, kusa da Washington, ni ke mata wanka, ni ke ba ta abinci da magani. 'Yar Brazil ce, kuma sananniya a ƙasarsu. Sana'arta haɗa abin kallo da tarkacen da mutane suka yar. Tun tana budurwa a Recife ta fara, tana tsintar silifan da teku ya turo gaɓa tana jera su a bango. Daga baya ta koma kan murafen kwalba, da tsofaffin makullai, da cokula. Aka nuna aikinta a São Paulo, har aka gayyato ta Washington. A nan ɓarin jikinta ya shanye. Likita ya hana ta doguwar tafiya, ta zauna wurin 'yarta a hawa na uku, a gidan da babu lifta.

Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana yawon tituna ido a ƙasa, sai ga ta daga gado sai bakin taga. Daga nan take hango abu. "Hadiza, ga cokali can kusa da shara, sauka ki ɗauko kafin mota ta taka." Da farko kunya nake ji, ni da mayafina ina tsince-tsince a titi. Da na faɗa mata, sai ta miƙo mini cokalin. "Dubi inda ya siɗe. Wani ya yi shekaru yana ci da shi."

Lokacin da mahaifiyata ta rasu a Zariya takarduna ba su fito ba, in na fita babu dawowa. Na zo aiki na zauna a kicin ina kuka. Dona Marlene ba ta ce in yi shiru ba. Tambayata ta yi ko ina da wani abu na Inna. Na kawo tsagaggen ludayin duma da na taho da shi. Sati uku tana nuna mini da hannun hagu, ina ɗinke shi da siririyar waya. Luciana ta so a kai shi baje koli, Dona Marlene ta ƙi. "Wannan na ɗakin Hadiza ne."

Kullum takan ce in ta warke za ta kai ni garinsu. Dukanmu mun san ba za a je ba, amma nakan ce, "To Mama, Allah ya kai mu."

Addininmu ba ɗaya ba ne, sai dai alheri kaɗai na sani daga gare ta. Allah mai yalwar rahama ya dubi wahalar da ta sha ya sassauta mata. Luciana da 'ya'yanta kuma, Allah ya ba su haƙuri da dangana.